Ruwa a Bakin Zaure

Da rani muka sayi filin da muka gina gidanmu a Birnin Kudu, shi ya sa ba mu san a kan hanyar ruwa yake ba. A lokacin ƙasa a bushe take ƙayau, ga wata babbar kuka daga gabas, ga titi kusa. Maigidana ya zagaya filin ya dawo ya ce mini mun dace. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka ƙara wa ma'aikata albashi, kowa ya tashi da gini. Shi malamin gona ne, aikinsa a Gwaram yake. Can yake kwana ranakun aiki, sai ƙarshen mako ya dawo gida a kan babur ɗinsa. Ni kuma ina koyarwa a wata makarantar firamare a cikin gari.

Ɗakunan ciki da bulo muka gina su. Da muka zo kan zaure da ɗakin da ke jikinsa sai ƙarfinmu ya ƙare, muka yi su da tubalin ƙasa, aka shafe da siminti. A wannan ɗakin Inna take zaune, mahaifiyarsa, wadda muka ɗauko daga ƙauye bayan yana ta rufe mata ido. Ita da kanta ta zaɓi ɗakin. Ta ce ɗakin bulo zafi gare shi kamar tanda, kuma tana so ta riƙa jin motsin masu wucewa.

Daminar farko ruwan ya bi ta gefen gidan ya wuce abinsa, bai dame mu ba. Sai aka zo gyaran titi. Aka kawo manyan motoci, aka yi ciko, aka ɗaga titin har ya fi ƙofar gidanmu tudu. Mun yi murna kamar kowa. Maigidana har siminti ya sa aka zuba daga bakin zaure zuwa titi, don babur ɗinsa ya riƙa hawa ba wahala. Ba mu lura ba cewa sabon titin ya tare wa ruwa hanyarsa.

Daga nan, duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi, ruwan unguwarmu a ƙofar gidanmu yake taruwa. Ya gangaro daga bayan gida, ya gangaro daga titi, ya kwanta kamar kududdufi, ya ƙi tafiya sai rana ta shanye shi. In ya janye kuma ya bar mana yashi da laka da tsakuwa a kan simintin nan. Maigidana kan dawo daga Gwaram a gajiye, ya tuɓe riga, ya ɗauki bokiti yana ɗiba yana hawa titi yana juyewa a lambatu. In ya gama da ruwa ya ɗauki shebur da baro ya koma kan yashi. Maƙwabta kan taya shi in sun samu sarari, amma kowa yana da nasa ruwan.

Wata Asabar ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji ya yi wata irin ƙara a waje. Na fito na same shi a sunkuye a kan baro, ya kasa miƙewa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Da ƙyar maza biyu suka shigo da shi. Likita ya ce bayansa ne ya taɓu, kada ya ƙara ɗaga abin da ya fi butar alwala nauyi. Ba a daɗe ba kuma Inna ta fito za ta gidan suna a maƙwabta, sandarta ta nutse cikin laka, ta zame ta faɗi. Ba ta karye ba, amma daga ranar ta daina fita. Sai dai ta zauna a bakin ɗakinta tana amsa gaisuwa daga nesa. Wannan ya fi komai damuna, domin Inna mace ce mai son mutane.

Da bazara ta zo ina da ƙaramin ciki. Muka duba muka ga damina za ta riske ni da tsohon ciki, shi da ciwon baya, Inna ba ido. Wata yamma yana kishingiɗe a kan tabarma, ya ce, “Kano za mu. Yanzu babu aikin da ba a yi masa inji ba. Ba za a rasa na ƙofar gidanmu ba.”

Muka bar Inna a hannun maƙwabciyarmu, wata Hajiya mai sayar da man gyaɗa, wadda mijinta ya rasu, katangarmu ɗaya da ita. Muka shiga motar safe.

Kano ta wancan lokacin ta cika da kaya har ta rasa inda za ta sa su. Aka kwatanta mana wani layi da ba a sayar da komai sai injuna. Akwatunan katako a jibge har kan hanya, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Muka shiga wani babban kanti. Mai kantin wani Alhaji ne mai jiki, mai fara'a da saurin magana. Ya sa aka kawo mini kujera, ya saurari maigidana har ya gama bayani, yana ta gyaɗa kai.

“Malam,” ya ce, “ai Allah ne ya kawo ka. Zo ka ga abin da aka yi dominka.”

Ya kai mu can ƙuryar kanti, ya yaye wata leda. Wani jan inji ne mai ƙafafun taya biyu da hannuwa kamar na baro. A gabansa akwai baki mai faɗi, cikin bakin wani murɗaɗɗen ƙarfe, a samansa kuma wani dogon wuya da ake juyawa dama ko hagu. Doguwar waya a naɗe a jikinsa. Alhaji ya ce da lantarki yake aiki. Tura shi kawai za a yi, bakin ya haɗiye abin da ke gabansa, wuyan ya watsa shi gefe.

Maigidana ya kama hannuwan, ya tura shi gaba, ya jawo shi baya. Na ga fuskarsa ta washe. A tsaye yake sak, ba sunkuyo, ba ɗagawa. Tun da ya ji ciwon nan ban ga ya yi irin wannan murmushin ba.

Ni kuma idona ya faɗa kan kwalin da injin ya zo a ciki. An zana wani Bature da ƙatuwar riga da hular sanyi, yana tura injin a ƙofar gidansa, wani farin abu ya kai masa gwiwa.

Na ce, “Alhaji, wannan farin abin mene ne?”

“Dusar ƙanƙara ce, Malama. A ƙasashen sanyi haka take zubo musu daga sama kamar auduga, ta toshe ƙofofi, ta rufe hanya. Da wannan suke share ta.”

“To ya aka yi ya zo Kano?”

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. “Cikin kaya ya zo. Injunan yankan ciyawa na aika a kawo mini, da aka fasa akwatuna sai ga shi a ciki. Wa zan mayar wa? Amma ki duba, abin da zai kwashi ƙanƙara ai zai kwashi yashi. Duk tsiyarsu ɗaya, toshe ƙofa.”

Maigidana ya ce maganar Alhaji tana kan hanya. Ya fara tambayar tsawon wayar, da ko za a iya ƙara mata wata. Na san shi. In ya fara irin waɗannan tambayoyin, to zuciyarsa ta riga ta saya. Ni ban gamsu ba, amma ban so in musa masa a gaban mutane ba. Sai na ce, a hankali, ko za a gwada mana mu gani.

Alhaji ya ce me zai hana. Akwai magina suna aiki a jikin kantin, ya roƙi yashi a wurinsu, aka juye a bakin ƙofa. Aka turo injin waje, aka jona shi. Ya tashi da wata siririyar ƙara mai shiga kunne. Maigidana ya tura shi cikin yashin. Wallahi sai ga yashi ya tashi sama ta wuyan nan kamar ana sheƙa gero, ya yi baka, ya sauka a kan teburin wani mai shayi da ke tsallake. Mai shayi ya miƙe yana faɗa, yana rufe burodinsa da hannuwa. Mutanen layin suka taru suna shewa. Alhaji ya ɗaga murya yana ba shi haƙuri, yana dariya. Maigidana ya juyo ya dube ni, idonsa na cewa, kin gani?

Na ce, “Na gani, Malam. Sai dai yashinmu ba busasshe ba ne. A jiƙe yake, da laka da tsakuwa.”

Aka sake juye wani yashin, aka haɗa da tsakuwar magina, aka kwara masa ruwa har ya yi caɓal kamar na ƙofar gidanmu. Aka juya wuyan injin ya kalli bango, saboda mai shayi. Maigidana ya tura. Injin ya ci loma ɗaya ya shaƙe. Ƙararsa ta koma gurnani, ya fara karkarwa a hannunsa. Sai ya tofar da tsakuwa guda, ta daki ƙofar kwano ta kantin da ke kusa, ta ba da ƙara kamar an harba bindiga. Kowa ya sunkuya. Na ji ƙaurin waya na ƙonewa. Alhaji da kansa ya ruga, duk jikin nan nasa, ya fizge wayar daga bango.

Alhaji ya goge goshinsa da hannun riga, ya ce, “Malam, yanzu ko ka ce za ka saya, ni ba zan sayar maka ba. Ka ce da wannan dutsen ya samu idon wani fa?”

Ni ba idon wani na tuna ba, Inna na tuna, zaune a bakin ɗakinta, ba ta ganin abin da ke tahowa balle ta kauce. Saura kaɗan da mun ɗora shi a mota.

Maigidana ya saki hannuwan injin, ya yi tsaye yana kallonsa. Na ga abin ya yi masa zafi, ba don kunya ba, don ya sa rai ya samu aikin da zai iya yi wa gidansa da hannunsa. Muka koma cikin kanti muka zauna. Na ce masa ni a ganina ba yashi ne babban abokin gabarmu ba. Yashi zai iya kwana, ya wuni, har a samu 'yan aiki su kwashe. Ruwa ne ba ya jira, shi ne yake jiƙa gindin katangar Inna. Alhaji ya tafa hannu ya ce to ai injin jan ruwa muke nema tun farko, kuma yana da iri biyu.

Na farko mai amfani da fetur ne, babba, mai ƙarfi, irin wanda masu lambu suka fara saye a lokacin. Igiya ake ja ya tashi. Na biyu na lantarki ne, bai fi tulu girma ba, maɓalli kawai ake dannawa. Maigidana ko kallon ƙaramin bai yi ba. Ya san na fetur a wurin aikinsa, ya ce babu ruwansa da masu wuta. A garinmu kuwa da an ga hadari ya haɗo ake ɗauke wuta, kowa ya san wannan.

Na ce a bar ni in gwada tayar da shi. Na taka shi da ƙafa kamar yadda Alhaji ya nuna, na ja igiya. Ya yi tari ya mutu. Na sake ja, ya sake mutuwa. Da na ƙara ja sai na ji wani abu ya ɗaure mini a mara, na dafa bango.

“Bari haka nan,” in ji maigidana da sauri. “Ai ba ke za ki riƙa tayarwa ba.”

“To wa? Ranar da za a yi ruwan kana Gwaram.”

“Sai ki aika a kira maza.”

“Mazan suna gidajensu suna kwasar nasu ruwan, Malam. Kuma man fa? Ko kai da babur ɗinka wuni kake a layin gidan mai.”

“In kuma aka ɗauke wuta, wannan ɗan tulun naki me zai yi miki?”

Gaskiya ya faɗa, ni ma gaskiya na faɗa. Alhaji ya ga abin ya koma tsakanin miji da mata, sai ya tashi ya shiga gyara wasu kwalaye da ba su buƙaci gyara ba. Muka yi masa sallama muka fito ba mu sayi komai ba.

Bayan azahar muka zauna a inuwar wata bishiyar darbejiya, ya sayo mana masa, muka ci. Yana zaune a karkace saboda bayansa. Da ya gama ya wanke hannu, ya daɗe yana kallon motoci, sannan ya ce, “Ke za ki kunna, ke za ki zaɓa. Amma ki sani, in aka yi ruwa babu wuta, ba na so ki tsaya kwasa da bokiti. Ki fitar da Inna, ki bar gidan. Gida ana sake gina shi.”

Na ce na ji. Muka koma muka ɗauki ƙaramin, da mesa biyu dogaye. Kafin mu tafi Alhaji ya nuna mini wani ɗan murfi a saman injin. Ya ce kullum kafin in kunna in buɗe nan in ɗura masa ruwa ya cika, in ba haka ba iska kawai zai yi ta zuƙa.

Da muka dawo gida mai gyaran wuta ya zo ya kafa soket can sama a bangon zaure, inda ruwa ba zai taɓa kaiwa ba. Aka gina wa injin ɗan dakali na bulo ya hau kai. Aka haƙa rami a bakin ƙofa, inda ƙasa ta fi gangare, aka sa kan mesa ɗaya a ciki da rariya a bakinta. Ɗayar kuma aka ja ta ta hau har lambatun titi. Inna ta ce a kai ta ta taɓa. Ta shafa shi sama da ƙasa, ta ƙwanƙwasa da yatsa.

“Wannan ne kuka je har Kano dominsa?”

“Shi ne, Inna.”

“To. Allah ya sa ya fi maigidanki ƙashin baya.”

Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, kuma ko magana ba ta cika yi masa kai tsaye ba. Yana tsaye a wurin, ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Ruwan farko-farko bai ba mu wahala ba. A ɗauke wuta, ruwa ya tsaya, a dawo da ita, in danna maɓalli, kafin in gama ɗora tukunya ƙofar gida ta tsane. Hajiya kan leƙo ta katanga ta ce Malama an zama direba. Har na fara jin kaina.

Sai marka ta zo. A makon nan maigidana ya shiga ƙauyukan Zandam da Maruta duba gonakin da aka ba takin zamani. Ni cikina ya tsufa, da ƙyar nake sunkuyawa. Ranar da abin ya faru makaranta na hutu, ina gida. Tun da hantsi gari ya yi baƙi ƙirin daga gabas. Ina jin rediyo a zaure sai ta yi ɗif, an ɗauke wuta. Ban ko kashe ta ba na tashi kwashe shanya. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ba iska, ba tsawa, zuba kawai.

Kafin azahar simintin ƙofar gida ya ɓace. Ruwa ja, mai kumfa, da karan dawa da ledoji a kansa, ya cika daga titi har bakin zaure. Na tsaya ina kallonsa yana hawa dokin ƙofa a hankali. Na dubi injin a kan dakalinsa, sabo fil, a bushe, ba shi da wani amfani. Na danna maɓallin duk da na san babu wuta. Na tuna babban injin nan na fetur, na ce a raina da shi na ɗauka, da yanzu ko Hajiya ce ta ja igiyar.

Na shiga ɗakin Inna na dafa bango daga ƙasa. Sanyi ƙalau, kuma da na danna sai na ji simintin ya ɗan lotsa. Ƙasar da ke ciki ta fara sha.

“Inna, ki tashi mu koma ɗakin ciki.”

“Ruwan ya shigo ne?”

“Bai shigo ba tukuna. Amma Malam ya ce in aka yi haka in fitar da ke.”

Ba ta yi gardama ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Ta lalubi carbinta da 'yar jakar goronta, ta kama kafaɗata. Muka ratsa tsakar gida cikin ruwan, ni da ciki, ita ba ido, muna tafiya kamar masu koyon tatata. Na zaunar da ita a kan gadona, na lulluɓe ta da bargo.

Malam ya ce kada in kwasa da bokiti, kuma ban kwasa ba. Amma ban iya zama ba. Na koma zaure na tarar da Hajiya ta taka turmi ta hauro ta katanga, zaninta a ɗaure a ƙugu, da buhunan da take zuba gyaɗa. Muka cika su da ƙasar tsakar gida, ita ke ja, ni ina riƙe baki, muka jera a dokin ƙofa. Ruwan ya tsaya a jikinsu na ɗan lokaci, sannan ya fara tsattsafowa ta ƙasa, siririn layi yana tafiya a kan daɓen zaure, ya nufi ɗakin Inna.

Hajiya ta dube ni ta ce, “Malama, zauna. Kin yi fari fat. In kika haihu a nan ni ban san yadda zan yi da ke ba.”

Na zauna a kan dakalin, kusa da injin. Wajen la'asar ruwan sama ya tsagaita, ya koma yayyafi, amma na titi bai daina gangarowa ba. Can wani gefen unguwa muka ji wani abu ya rufta, rugum, mata suka yi salati. Hajiya ta ce katangar wani ce. Ni dai bangon ɗakin Inna nake kallo. Wata tsaga ta fito a jikin simintin daga ƙasa, siririya kamar gashi. Ban yi kuka ba.

Sai wani namiji ya yi magana a bayanmu, da ƙarfi. Hajiya ta zabura ta ja mayafi. Rediyon nan ce da ban kashe ba. An kawo wuta.

Na miƙe ban san na miƙe ba. Na goge hannuna a zani sosai, na danna maɓalli. Injin ya ɗauka, yana wani kuka sama-sama, amma mesar ko motsi ba ta yi ba. Hajiya ta leƙa waje ta ce ba abin da ke fita. Na kashe, na sake kunnawa. Haka dai. Na ce shi ke nan, yashi ya toshe shi, ko ya lalace. Na tsaya na rufe ido. Sai ɗan murfin nan ya faɗo mini a rai. Ban ɗura masa ruwa ba. Kullum ina yi, yau tsoro ya mantar da ni.

Na kashe shi. Na kasa kwance murfin, sai Hajiya ce ta murɗe shi da bakin zaninta. Na ɗauko buta na ɗura, rabi a ciki rabi a ƙasa, har ya cika ya tumbatsa. Muka rufe. Na yi bisimilla na danna.

Kukan ya sauya. Ya yi nauyi, ya koma ƙasa-ƙasa. Mesar da ke kwance a daɓe ta yi wani motsi, ta kumbura, ta miƙe. Hajiya ta tsallake buhunan ta shiga ruwan har cinya, ta haura titi. Daga can na ji muryarta: “Yana zuwa! Malama, wallahi yana zuwa!”

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon jikin bango, inda ruwa ya kai. Da farko ban ga wani bambanci ba. Can sai ga wani jiƙaƙƙen layi ya bayyana a saman ruwan, faɗin yatsa. Ya zama faɗin tafin hannu. Ina ta addu'a kada a sake ɗaukewa, ina kallon ƙwan fitilar zaure kamar shi ke da iko. Ya yi ƙyaf-ƙyaf sau ɗaya, ya dawo. Rariyar ta toshe da ciyawa, Hajiya ta zura hannu ta yaye. Kafin magariba kan simintin ya fito, da yashi jibge a kansa. Ban taɓa jin daɗin ganin yashin nan ba sai ranar.

Na shiga wurin Inna na zauna a bakin gado. Sai a lokacin hawaye suka zo. Ta laluba ta kamo hannuna.

“Ɗakin ya tafi ne?”

“Yana nan, Inna. Ruwan ne ya tafi.”

“To kukan me kike yi? Tashi ki ɗora mana tuwo, ni tun safe goro kawai na ci. Ki sa da Hajiya.”

Maigidana bai iso ba sai washegari da rana. Rafi ya cika ya raba ƙauyukan da Gwaram, ya bar babur ɗinsa a gidan wani mai unguwa, ya yi tafiyar ƙasa har ya samu babbar mota. Ina zaure ina sharar laka na ga ya sauko daga titi yana ɗingishi, wandonsa ja har gwiwa. Bai yi sallama ba. Ya tsaya ya dubi zauren daga sama har ƙasa, ya zagaya ya dafa bangon ɗakin Inna da tafin hannu, ya bi tsagar nan da yatsa. Ya ce tun daga Kiyako yake ganin katangu a kwance, da mutane suna tono kayansu daga cikin ƙasa.

“Kun bar gidan?”

“Na mayar da Inna ɗakin ciki. An ɗauke wuta tun hantsi, sai bayan la'asar aka kawo.”

Ya rufe fuska da hannu biyu ya daɗe a haka. Na zaci zai ce ai ya faɗa mini, domin ya faɗa ɗin. Bai ce ba. Ya tambaye ni jikina, na ce lafiya. Ya ce gobe zai kira magina su duba bangon, kuma da kaka, in Allah ya kai mu, za a rushe shi a sa bulo, ko Inna ta so ko ba ta so ba.

Inna ta ji muryarsa daga ciki. Ta ɗaga tata ta ce, “Ki ce wa baƙon nan ya shigo, ya daina shafa mini bango.”

Ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa da ƙyar, ya gaishe ta. Ta amsa a gajarce, fuskarta a gefe, amma na ga yatsunta sun tsaya a kan carbi har ya gama. Na kawo masa ɗumamen tuwo da ruwan wanke hannu a rumfa. Ya ci loma kaɗan, ya jingina da ginshiƙi yana ba ni labarin wani direba da ya ƙi tsayawa ya ɗauke shi. Bai kai ƙarshen labarin ba na ji ya yi shiru. Barci ya ɗauke shi a zaune, hannunsa cikin kwano. Na zare kwanon a hankali, na rufe, na kori kajin da suka fara matsowa.